Ranar da Baffa Ya Saɓo Karkiya

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har sunayen jikokina nakan rikita, in kira wannan da sunan wancan su yi ta yi mini dariya. Amma akwai wata damina a shekarun nan na wahala da ta ƙi barin kaina, kuma na san da ita za a kai ni kabari. Abin takaicin, ba fari ne ya fi yi mana illa a shekarar ba. Musu ne na dattawa biyu a gindin tsamiya.

Garinmu ƙauye ne a arewacin Kano, tsakanin Tsanyawa da Kunci, inda gona take manne da gona, in ka ɗan kauce daga hanya ka taka shukar wani. A lokacin ina da mata da yara ƙanana, amma gandunmu ɗaya da Baba, rumbu ɗaya, tukunya ɗaya, ni ne kuma mai riƙon garma. Shekarun sun zo mana a jere babu daɗi. Ruwa ya yi ta ɗaukewa gero yana tsaka da fitar da kai, sannan ciwon bushiya ya shigo ya share turakun shanu. Tuwo ya koma sau ɗaya a yini, sauran kuwa kwaɗon tafasa ne da rama, sai garin rogo ranar da aka yi sa'a. Cikin shanun huɗarmu biyu, ɗaya ya kwanta bai tashi ba. Maƙwabcinmu, wanda nake kira Baffa tun ina yaro, shi ma ɗaya ya rage masa.

Sa ɗaya kuwa ba ya huɗa, sai dai ya ci harawa ya tsaya yana kallonka. Don haka Baba da Baffa suka haɗa abin da ya rage musu. Mu muka kawo namu, ja, da garmar ƙarfe. Shi ya kawo nasa, fari, da karkiyar da ake ɗora musu a wuya. Na ɓata rani guda ina koya musu tafiya tare, jan a dama yana bin kwarin kunya, farin a hagu, har suka saba da juna. 'Ya'yan Baffa maza duk yunwa ta kora su Kudu neman abinci, saura shi da tsohuwar matarsa da jikoki. Aka shirya ni zan huɗe gonakin biyu, a fara da tamu sannan tasa. Turkensu ma ɗaya muka yi musu a bayan gidanmu.

Baffa ba ɗan'uwanmu ne na jini ba. Mahaifiyarsa baiwa ce a gandun kakan Baba, an kamo ta daga can kudu tana ƙaramar yarinya. Kowa a garin ya san haka, kuma ba mai faɗa. Shi da Baba sa'o'i ne, tare aka yi musu kaciya, tare suka yi karatun allo, kuma Malam suke ce wa juna. Baffa mutum ne mai sanyi da tsokana. Baba kuwa, Allah ya jiƙansa, zuciyarsa a kusa take, kuma in ya kama magana sai ya ga ƙarshenta.

Wata Juma'a bayan la'asar muna zaune a gindin tsamiyar ƙofar masallaci. Geron da muka binne ya tsiro, ana jiran ruwa mai nauyi a shiga huɗa, a rufe masa gindi, a kuma ta da kunyoyin gyaɗa da wake. Mai shagon unguwarmu ya kunna rediyonsa, aka ba da labarin wata babbar ƙasa da ta tura sojoji cikin wata ƙarama, wai sun je ceton mutane. Baba ya ja dogon tsaki.

"Ceto! Haka Nasara suka ce da za su ci Kano. Wai gyara suka zo yi. Wa ya aika musu? Mutum yana zaune a ƙasarsa da addininsa, ka taso daga bayan teku da igwa ka ce gyara ka zo yi masa?"

Na san inda aka dosa, don na ji labarin har na haddace. Kakan Baba ya bi rundunar Kano a ƙasa da kwari da baka, ya je ya gamu da bindigogin Turawa, bai dawo ba. Ba gawa, ba kabari, ba wanda ya zo ya ce ga inda ya faɗi. Matarsa ta daɗe tana ajiye masa tuwo a akushi. Daga nan Baba zai gangaro kan haraji, da yadda ake shanya mutum a rana in ya kasa biya, da yadda aka kwashe su shi da Baffa suna samari aka kai su haƙar kuza a Jos, cikin sanyin da ya kashe abokansu. Duk gaskiya ne, kuma duk lokacin da ya faɗa idonsa yakan kawo ruwa. A kullum Baffa yakan girgiza kai ya ce Allah ya jiƙan mazan jiya, a wuce wurin.

Ran nan ban san abin da ya shiga kan Baffa ba. Wataƙila yunwa ce, don takan rage wa mutum haƙuri. Yana tufkar igiyar rama a cinyarsa, bai ko ɗago kai ba ya ce, "Malam, ni ban ce mutanen kirki ne ba. Tare muka ci wuyarsu. Amma da suka zo an daina kamo yara a daji, an rufe kasuwar mutane. Wannan dai an yi."

"Don Allah suka yi?" in ji Baba. "Don gyaɗa suka yi, da auduga, da fatu!"

"Ita dai uwata ba ta tambaye su niyyarsu ba."

Majalisa ta yamutse. Masu cewa zalunci zalunci ne ko me ya biyo baya suna yi, masu cewa ai sarakunan namu ma ba su raga wa talaka ba suna yi. Wani ya ce su suka kawo asibiti, wani ya ce su suka kawo giya. Liman ya ce a bar maganar, ba wanda ya ji shi. Ni kuwa ina gefe ina kallon hadarin da ke haɗowa daga gabas, cikina yana ƙugi, ina cewa a raina, dubi mutanen da suka yini a kan tafasa, su ne suke raba gaskiya tsakanin matattu. Wallahi na gaji da su, so nake kawai a tashi.

Sai na ji muryar Baba ta haye ta kowa. "Yo ai dole ka yabe su! Da ba su zo ba, da yanzu kai…"

Ya tsaya. Amma duk wanda ke wurin ya ji sauran.

Baffa ya ajiye igiyar. "Ƙarasa, Malam."

Baba ya kau da kai.

"Na ce ƙarasa mana. Da yanzu ni me?"

Baffa ya naɗe igiyarsa a hankali, ya sa takalmansa, ya yi wa jama'a sallama kamar kullum. Kafin magariba ya zo bayan gidanmu da kansa, ya kwance farin, ya ɗauki karkiyarsa. Na gaishe shi ya amsa da sakin fuska, har ya tambaye ni jikin ƙaramar 'yata.

Ruwan da muke jira ya sauka a daren. Gari ya waye ƙasa ta jiƙu sharkaf, duk mai shanu ya fita, ko'ina sai ihun masu kora kake ji. Ƙasarmu jigawa ce, ba ta riƙe laima. In ba ka huɗe tana da danshi ba, rana ta buga ta, shi ke nan sai wani ruwan, kuma a shekarun nan ba wanda ya san yaushe wani ruwan zai zo. Ga ni tsaye da sa ɗaya da garma.

Na samu Baba a zaure na durƙusa. "Baba, don Allah ka je ka ba shi haƙuri. Laima ba za ta jira mu ba."

"Haƙurin me? Me na ce? Ka ji na faɗi wani abu? Ai ban ƙarasa ba."

A kan wannan ya kafe. Inna ta yi magana, liman ya zo ya yi, amsar ɗaya ce, bai ƙarasa ba. Sai ya tura ni wajen kawuna a wani ƙauye kusa da Kunci, in aro sa da karkiya. Na tafi a ƙasa. Kawu ya ji tausayina, ya ba ni wani tsohon sa da ya rage masa da wata karkiya mai tsagu. Saboda sauri ban tambaye shi ɓangaren da san ya saba ba, shi ma bai tuna ya faɗa mini ba. Sai da na ɗaura su a gona na gane shi ma ɗan dama ne. Kowannensu yana neman kwarin kunya, wannan ya ture wancan, wancan ya kai masa ƙaho. Kunyar da na fara ta karkace kamar sawun maciji. Na yi duka, na yi lallashi, na yi zagi. A ƙarshe san kawu ya kwanta a tsakiyar gona ya ƙi tashi. Masu wucewa suna cewa sannu da aiki, suna danne dariya.

Na mayar da shi, na ɗauko garmar hannu na ce zan yi da ƙarfina. Ƙarfin da aka gina da tafasa ai ba ya zuwa ko'ina. Ban yi nisa ba jiri ya ɗebe ni, na zauna a kan kunya ina kallon saman ƙasar yana yin fari. Gonar Baffa tana jikin tamu, ita ma ko ƙafa ba a sa mata ba.

Da yamma na je zaurensa. Na tarar da shi yana ba farin dusa. Ya shimfiɗa mini buzu, muka gaisa, ya bar ni na gama kame-kamena. Sannan ya ce, "Ɗana, ka taɓa jin labarin uwata daga bakina?"

Na ce a'a.

"Su biyu aka kamo, ita da ƙanenta, igiya ɗaya. A kasuwa aka raba su. Ita aka kawo ta gidanku, shi ba ta san inda aka yi da shi ba. Ba a daɗe ba Nasara suka zo aka hana cinikin. Har ta tsufa, in baƙo ya shigo garin nan sai ta leƙa ta ƙare masa kallo, wai ko shi ne. Harshen garinsu ma ya ɓace mata, amma ba ta daina leƙen ba. Ka san laifin Nasara guda ɗaya a wajenta? Ba su zo da wuri ba."

Ya shafa wuyan san. "Ban ce an azabtar da ita a gidanku ba. An ci da ita, an yi mata sutura. Kuma na san kakan babanka ya mutu mutuwar da ba ta kamata ba. Shekara nawa ina taya shi kukansa a gindin tsamiyar nan? Sau ɗaya tak na ambaci tawa uwar. Sau ɗaya."

Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa idona. Na ce, "Baffa, ni ban san wa ke da gaskiya ba, kuma wallahi ba ni da ƙarfin nema. Abin da na sani laima tana tafiya. Ga yarana, ga jikokinka."

Ya ƙarasa zuba wa farin dusarsa. Can ya ce, "Tashi ka je, na ji."

Washegari da hantsi ina gona da garmar hannu, jan yana ɗaure a gefe. Baba yana zaune a gindin gawo, wai ya zo duba shuka, alhali shi ma abin ya hana shi zaman gida. Sai na ga masu huɗa a gonakin da ke kan hanya suna tsayar da shanunsu ɗaya bayan ɗaya. Na ɗago. Baffa ne tafe, babu sa a bayansa. Karkiyar ce a gicciye a kan wuyansa, ya riƙe ta da hannu biyu, yana tafiyar tsofaffi, igiyoyinta suna jan ƙasa. Haka ya ratso gari, haka ya ratso gonakin mutane.

Bai nufi Baba ba. Ya wuce wajen jan, ya tsaya a hagunsa, daidai inda farin yake tsayawa. Sannan ya yi sallama.

"Malam, ga ni. Tunda ka kasa ƙarasawa, na zo in ƙarasa maka." Ya juyo gare ni. "Ɗana, ɗaura garmar."

Ban taɓa ganin Baba ya tashi da sauri irin na ranar ba, har hularsa ta faɗi bai waiwaye ta ba. Ya kama karkiyar zai ɗaga, Baffa ya riƙe gam.

"Sauke, Malam. Don girman Allah ka sauke."

"A'a. Ai gonar kakanka ce. Nan uwata ta yi noma, ba baƙon wuri ba ne."

Tsofaffi biyu suna jan itace ɗaya, mutane sun zagaye mu. Sai na ji muryar Baba ta karye. "Na faɗa," ya ce. "Ban ƙarasa da baki ba, amma na ƙarasa a zuci, kuma kowa ya ji. Na zalunce ka. Ka yafe mini." Hawaye yana bin gemunsa. A nan Baffa ya saki.

Baba bai miƙo mini karkiyar ba. Ya ɗora ta a nasa wuyan, ya bi hanyar da Baffa ya biyo, kansa babu hula, har ƙofar gidan Baffa. Da hannunsa ya kwanto farin ya jawo shi. Na ce a raina alhamdu lillahi, in na dage yau zan ceci rabin gonarmu. Ina cikin ɗaura su sai Baba ya ce, "Gonarsa za ka fara."

"Baba, ai tamu ce a gaba. Laimar…"

Ya yi mini kallon da tun ina yaro na san ma'anarsa. Baffa ma ya sa baki, ya ce haba Malam, a bi yadda aka shirya. Baba ya rantse garma ba za ta taɓa ƙasarsa ba sai an gama ta Baffa. Mutumin da ya ƙi takawa ƙofar maƙwabcinsa saboda taurin kai, da taurin kan nan dai ya ba da haƙuri. Ni kuwa ba wanda ya tambaye ni, alhali yaran da za su ci abin nawa ne. Ba zan ɓoye ba, na huɗe gonar Baffa ina kuka, kuma ba kukan tausayi ba ne, na baƙin ciki ne.

Kafin in juyo kan tamu ƙasa ta bushe. Garma tana shiga, kunya tana rushewa a bayana. Ruwa na gaba ya yi jinkiri ƙwarai, lokacin gyaɗa ya wuce, waken bai yi komai ba, geron da ba a rufe wa gindi ba ciyawa ta sha kansa. Abin da muka kai rumbu ko rabi bai cika ba. Baffa ya aiko mana da dammunan gero daga nasa, Baba ya karɓa, amma gona ɗaya ba ta ɗaukar gida biyu a irin shekarar nan. Tun rani bai raba ba muka kai jan kasuwa muka sayo hatsi. Da jan ya tafi, farin ya zama ba shi da amfani, shi ma aka sayar. Damina ta gaba da hannu muka yi ta, gidajen biyu. Na sha jin yarana suna juyi a kan tabarma saboda yunwa, uwarsu tana ce musu su yi barci tuwo yana kan wuta, alhali babu komai a tukunyar.

Musun kuwa ba a taɓa warware shi ba. Su biyun sun koma zamansu a gindin tsamiya, tabarma ɗaya, goro ɗaya a raba biyu. Har Baba ya rasu yana cewa zuwan Nasara zalunci ne, har Baffa ya bi shi yana cewa shi dai a 'yantacce aka haife shi. Ba wanda ya janye, sun dai daina faɗa a gaban juna. Yanzu 'ya'yana da suka yi boko sukan zo da irin wannan musun, a kan yaƙin nan ko wancan, su ce Baba kai me ka gani, an yi daidai ko ba a yi ba? Nakan ce musu na gaji.

Abin da na koya bai da yawa, amma da tsada na saye shi. Yaƙi ɗaya yakan binne kakan wani ya kwance uwar wani, kuma jikokinsu sukan tashi a gari ɗaya, shanunsu a turke ɗaya. Kafin ka buɗe baki ka yanke hukunci a kan abin da ya wuce, ka dubi wanda ke zaune a gefenka, ka tuna inda uwarsa take a ranar. A gidanmu ba a duba ba, kuma yarana ne suka kwana da yunwa a kai.